Matambayi Ba Ya Ɓata: Idan Buri Ya Yi Karo da Buri a Zanen Injiniya

Wasiƙun wannan fitowa sun taru a kan matsala guda: injiniya yana son abu ya yi araha, ya yi ƙarko, ya yi sauƙin ɗauka, ga shi kuwa taura biyu ba ta taunuwa. Mun taƙaita wasu tambayoyin saboda ƙarancin fili.

Assalamu alaikum. Ina ajin ƙarshe a sashen injiniyan kanikanci. An ba ni aikin zana hannun ƙarfe da za a kafe a bango ya ɗauki kaya, ana son ya zama mara nauyi, kuma kada ya sunkuya. Na tambayi girman da ya fi, aka ce babu amsa guda. Ta yaya lissafi zai rasa amsa? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Lissafin bai rasa amsa ba, amsoshin ne suka yi yawa. Ɗauko kalkuleta mu gani.

Mu ƙaddara tsawon hannun rabin mita ne, an rataya masa kaya mai ƙarfin niyuton 1,000 a baki, wato wajen kilo 100, kuma ƙarfen irin na yau da kullum ne. Rodi mai kaurin milimita 30 zai yi nauyin kilo 2.77, bakinsa ya sunkuya da milimita 5.24. Mai milimita 40 zai yi kilo 4.93, ya sunkuya da 1.66. Mai milimita 50 kuwa kilo 7.71 ne, sunkuyawa 0.68 kacal. A cikin ukun nan babu wanda ya kayar da wani gaba ɗaya. Duk wanda ya fi tauri, ya biya da nauyi.

Yanzu shigo da bututu mai faɗin milimita 50, kaurin jikinsa milimita 4. Nauyinsa kilo 2.27, sunkuyawarsa 1.35. Ka ga ya fi rodin 30 sauƙi kuma ya fi shi tauri, haka ya yi wa rodin 40. Wannan shi ake kira rinjaye: zane ya rinjayi wani idan bai gaza shi a kowane buri ba, sannan ya fi shi a buri aƙalla guda. Rodin 30 da na 40 sun fita daga gasa ke nan. Rodin 50 yana nan, domin duk nauyinsa babu wanda ya kai shi tauri. Zanukan da suka rage, waɗanda ba wanda ya rinjaye su, su ne sahun gaba, ko sahun Pareto, da sunan Vilfredo Pareto, masanin tattalin arzikin nan na Italiya da ya rasu a 1923, wanda shi ma injiniyanci ya fara karanta. Abin da malaminka yake nema shi ne wannan sahu, ba lamba guda ba.

Ka lura da abu biyu. Rodi mai milimita 25 ya fi sauran rodi sauƙi, kilo 1.93, amma matsin da ke gindinsa zai kai megafaskal 326, alhali ƙarfen gama-gari yakan fara sarewa a wajen 250. Wannan bai shiga gasar ba tun farko, ya karya sharaɗi. Na biyu ya fi haɗari. Idan ka bar kwamfuta ta zaɓi faɗin bututu da kaurinsa ba tare da iyaka ba, za ta yi ta faɗaɗa shi tana sirantar da jikinsa har ya koma kamar gwangwanin madara, domin a takarda hakan yana rage nauyi yana ƙara tauri. A zahiri irin wannan bututu lotsewa zai yi, kuma mai walda ba zai iya liƙa shi ba sai ya huda. Lissafin lanƙwasa bai san lotsewa ba. Kai za ka sa masa iyaka: mafi ƙarancin kauri, da iyakar faɗi gwargwadon kaurin.

Barka da aiki. Me ya sa za a wahalar da kai? Ni nakan ba kowane buri kasonsa, misali kuɗi kashi 60, inganci kashi 40, in haɗa su maki ɗaya, in sa kwamfuta ta nemo mafi ƙanƙanta. Akwai aibu a ciki? Daga wani injiniya a Kaduna.

Injiniya, hanyarka tana aiki, kuma ita ce mafi sauri idan buri biyu ne kuma sahun yana da kyakkyawan lanƙwasa. Amma tana da ramuka biyu.

Na farko ma'auni ne. Idan kuɗi yana cikin miliyoyin naira, sunkuyawa tana cikin milimita, to kason da ka raba ado ne kawai, kuɗi ya riga ya haɗiye komai. Kafin ka raba kaso, nemo mafi kyau da mafi muni na kowane buri, ka mayar da su ma'auni guda, a ce daga 0 zuwa 10.

Na biyu ko ka daidaita ma'auni yana nan. A ce zane uku ne na wutar sola, ana auna tsada da yawan ɗaukewar wuta, 0 shi ne mafi kyau. Na farko yana da 0 a tsada, 10 a ɗaukewa. Na biyu 10 a tsada, 0 a ɗaukewa. Na uku 6 da 6. Na ukun ba wanda ya rinjaye shi, ya fi na farko wuta, ya fi na biyu araha, kuma wataƙila shi mai aikin zai so. Amma duk yadda ka juya kaso, makinsa 6 ne. Makin na farko da na biyu kuwa kullum jimillarsu 10 ce, don haka ƙaraminsu ba ya wuce 5. Babu wani rabon kaso a duniya da zai fito da zane na uku. Haka abin yake a duk inda sahun ya lotsa ciki: hanyar kaso makauniya ce a wurin, kuma ba za ta gaya maka ta tsallake wani abu ba.

Maganin da ya fi sauƙi shi ne ka bar buri guda a matsayin buri, ka mayar da sauran sharaɗi. Ka ce a nemo mafi araha, muddin ɗaukewar wuta ba ta wuce 7 ba. Na farko ya faɗi, na biyu yana da tsada 10, na uku 6, ga shi ya fito. Sai ka yi ta matsar da iyakar, 9, 8, 7, har ƙasa, kowane gudu ya ba ka ɗigo guda a sahun. Wannan dabara ta Yacov Haimes ce da abokan aikinsa tun 1971, kuma har yau idan kana da buri biyu da lissafi mai santsi, da wuya ka buƙaci abin da ya wuce ta.

Salam. Kowa a ajinmu NSGA-II yake rubutawa a aikinsa, amma in ka tambaya yadda take aiki sai a yi shiru. Don Allah a warware mana ita dalla-dalla, da lambobin da ake sa mata. Daga wata ɗaliba a Kano.

'Yar'uwa, kin yi tambayar da ta dace. NSGA-II dabara ce ta kwamfuta da ke lalubo sahun gaba idan buri ya fi ɗaya. Asalin wannan dangi na dabaru yana wurin John Holland na Jami'ar Michigan, wanda littafinsa na 1975 ya kafa tunanin kwaikwayon gado da zaɓen iri a kwamfuta. Duk wanda ya ga makiyayi yana ware bijimin da zai bari a garke, ko mai lambu yana yi wa mangwaro aure, ya riga ya san rabin zancen. Ana tara zanuka da yawa, a zaɓi nagari, a haɗa su su haifi sababbi, a maimaita.

Gwajin farko na amfani da ita kan buri fiye da ɗaya shi ne VEGA ta David Schaffer a tsakiyar shekarun 1980. Ta raba garke gida-gida, kowane gida ana zaɓe a kan buri guda. Sakamakon shi ne gwanayen gefe suka cika wuri, mai arahar tsiya da mai ƙarkon tsiya, na tsakiya suka ƙare. NSGA-II, wadda Kalyanmoy Deb da ɗalibansa na cibiyar fasaha ta IIT Kanpur a Indiya suka wallafa a 2002, ta gyara wannan ta hanyar yin zaɓe da rinjaye kai tsaye.

Ga yadda zagaye guda yake. Kina da garken zanuka 100, an lissafa burin kowanne. A ware waɗanda ba wanda ya rinjaye su, su ne sahu na 1. A ɗauke su gefe, a sake dubawa cikin ragowar, waɗanda suka fito su ne sahu na 2, haka har kowa ya samu sahunsa. Wajen zaɓen iyaye, a ɗauko biyu da ka, wanda sahunsa ya fi gaba ya ci. Iyaye biyu su cakuɗa lambobinsu, wato ma'aunan zanen kamar faɗi da kauri, su ba da 'ya'ya biyu, sannan a ɗan taɓa wata lamba ba zato don kada iri ya tsaya wuri ɗaya. Idan 'ya'ya sun cika 100, sai a haɗa su da iyayen su zama 200, a sake jera sahu, a ɗebi 100 daga gaba. Wannan haɗawa ita ke hana zane mai kyau ɓacewa bayan an same shi.

Sai dai sahun ba sa cika 100 cif. A ce sahu na 1 yana da 60, na 2 yana da 30, na 3 yana da 45. Gurbi 10 ya rage, masu nema 45. A nan ake duba cunkoso: wanda ke zaune inda ba kowa ya fi wanda ke cikin tsukuku. A jera su bisa nauyi, a ce kilo 2, 3, 4, 8. Tazarar duka 6 ce. Mai kilo 3 maƙwabtansa 2 da 4 ne, makinsa 2 a raba da 6, wato 0.33. Mai kilo 4 maƙwabtansa 3 da 8, makinsa 5 a raba da 6, wato 0.83. A yi haka a kowane buri a tara. Na gefe biyu ana ba su maki mara iyaka don kada a rasa ƙarshen sahun. Masu babban maki su ke shiga.

Sharaɗi kuwa, kada ki yi saurin sa tara, wato hukuncin karya sharaɗi, a cikin maki, domin tara in ta yi kaɗan ana karya doka a biya, in ta yi yawa garke ya kasa kusantar iyaka, alhali zane mafi kyau galibi a bakin iyakar yake. Ƙa'idar da ke cikin takardar 2002 ta fi tsabta: wanda ya cika sharaɗi ya fi wanda bai cika ba, idan duka biyu sun karya, wanda ya karya kaɗan ya ci, idan duka sun cika, a koma rinjaye da cunkoso.

Lambobin da marubutan suka yi gwaji da su: garke 100, zagaye 250, yiwuwar haɗa iyaye 0.9, yiwuwar taɓa kowace lamba 1 a raba da yawan lambobin zanen, sannan 20 da 20 a ma'aunin da ke nuna kusancin 'ya'ya da iyayensu. Mafari ne mai kyau, ba wahayi ba. Ba sai kin rubuta ta da hannu ba, tana cikin pymoo, kundin manhaja na yaren kwamfuta Python, kuma kyauta ne. A manhajar lissafi ta MATLAB akwai gamultiobj, wadda aka gina a kan wani nau'inta.

Ina aikin shimfiɗa bututun ruwa na wata unguwa, layi 20, kuma girma 6 ake samu a kasuwa. Ba zai yiwu in gwada duka in zaɓa ba? Daga wani injiniyan ruwa a Maraɗi.

Malam, 6 sau 6 har sau 20 ya haura tiriliyan 3,600. Ko kwamfutarka tana gwada 1,000 a daƙiƙa, sai ta yi fiye da shekara 115,000. Dalilin da ya sa ake lalube ke nan maimakon ƙirga duka.

Gina hanyar ruwan a EPANET, manhajar hukumar kare muhalli ta Amurka, ka sa dabarar bincike ta riƙa kiranta ta Python. Ka ba kowane layi lamba daga 1 zuwa 6, a jere daga ƙarami zuwa babba, don taɓawa kaɗan ta zama matsawa zuwa girma na kusa. Kuskuren da aka fi yi shi ne a bar faɗin ya zama kowace lamba, a samu milimita 83, sannan a mayar da shi 75 da hannu. A lissafin Hazen da Williams, asarar ƙarfin ruwa tana tafiya da faɗin bututu a ninki na 4.87, wato ka raba faɗi biyu, asara ta ninka kusan sau 29. Daga 83 zuwa 75 kaɗai asarar ta ƙaru da fiye da rabi, kuma gidajen ƙarshen layi su za su ji a famfonsu.

Kada ka sa tsada ita kaɗai. Idan araha ce kawai burin, kwamfuta za ta sirantar da duk layin da ya rufe zobe har ya zama ba shi da amfani, hanyar ta koma kamar reshen bishiya, bututu guda ya fashe rabin unguwa ta rasa ruwa. Sa buri na biyu da ke auna rarar ƙarfin ruwa a mahaɗai, kamar ma'aunin juriya na Ezio Todini na shekarar 2000, kuma ka yi lissafin da buƙatar lokacin da aka fi ɗiba, da safe, ba matsakaicin yini ba.

Gwaji ɗaya na kwaikwayon iska a kwamfutata yana cin minti 10. NSGA-II za ta yi mini? Daga wani mai karatun digiri na biyu a Bauci.

Garke 100 sau zagaye 250 gwaji 25,000 ne. A minti 10 kowanne, kwana 174 ke nan ba ɗauke wuta. Ko ka raba wa ƙwaƙwalwar kwamfuta 8 su yi tare, mako uku ne.

Abin da ake yi shi ne naɗa wakili. Ka zaɓi zanuka kamar ninki 10 na yawan lambobin da kake juyawa, idan 8 ne ka ɗauki wajen 80, a warwatse ko'ina cikin filin. Ka yi musu gwajin gaske. Daga sakamakon ka gina samfurin lissafi mai sauri, irin wanda ake kira kriging, da ya samo suna daga Danie Krige, injiniyan ma'adinai na Afirka ta Kudu, wanda yake ba da hasashe tare da gwargwadon shakkarsa. Bincike ya gudana a kan wakilin, ka ɗauko 'yan zanuka inda hasashe ya yi kyau ko shakka ta yi yawa, ka yi musu gwajin gaske, ka ƙara su cikin samfurin, ka maimaita. ParEGO ta Joshua Knowles, ta 2006, don irin wannan hali aka yi ta, inda gwaji 'yan ɗaruruwa ne kawai mutum zai iya biya. Duk zanen da zai shiga rahotonka sai ya bi ta gwajin gaske, lambar wakili ba ta shiga tebur.

Buri tara nake da su, kuma tun zagayen farko-farko duk garken ya koma sahu na 1. Na yi nasara ke nan? Daga wani mai karatu a Gusau.

A'a, ɗan'uwa, zaɓe ne ya mutu. Ɗauki zane biyu da ka. Idan buri biyu ne marasa alaƙa, damar ɗaya ya rinjayi ɗaya rabi ce. A buri uku, 1 cikin 4. A buri tara, 1 cikin 256. Kowa yana da inda ya fi, don haka ba a kayar da kowa, garke sai yawo. Fara da rage burin. Waɗanda ke hawa da sauka tare, kamar nauyin ƙarfe da kuɗin ƙarfe, buri ɗaya ne. Waɗanda doka ta yanka wa iyaka sharaɗi ne. Idan bayan haka sun wuce uku, koma NSGA-III ta Deb da Jain, ta 2014, ko MOEA/D ta Zhang da Li, ta 2007, waɗanda ke shimfiɗa alƙiblu tun farko su raba garken a kansu.

Ranka ya daɗe, ina zana ƙaramar tashar sola ta ƙauye: yawan faranti, girman batir, da janareto. Duk lokacin da na sake gudu sai in ga sahu daban. Kuma ko ya fito, zanuka 100 ne a gabana, wanne zan kai wa masu kuɗi? Daga wani injiniya a Dutse.

Bambancin ba laifi ba ne, dabarar da ƙuri'a take farawa. Yi gudu da yawa, masu bincike sukan yi wajen 30, kowanne da lambar farawa daban, ka rubuta lambobin don a iya maimaitawa. Don kwatanta su, auna filin da kowane sahu ya mamaye. Kafa ɗigo guda mafi muni, a ce 10 da 10. Idan sahunka yana da 2 da 6, 4 da 3, 7 da 1, filin da ke tsakaninsu da ɗigon shi ne 8 da 21 da 27, jimilla 56. Babban fili ya fi. Kada ka matsar da ɗigon tsakanin gudu da gudu, in ba haka ba kwatancen ya ɓaci. Ka zana wannan lamba zagaye bayan zagaye, inda ta daina hawa nan ne ƙarin zagaye ya zama ɓarnar lantarki. Idan gudu daban-daban suna tsayawa nesa da juna, ƙara girman garke kafin ka ƙara zagaye.

Amma a aikin sola, abin da ya fi ɓata sahu shi ne bayanan da aka ba shi. Yi lissafin awa-awa, awa 8,760 na shekara, ba matsakaicin wata ba, domin kwana uku na hadari a jere a watan Agusta su ke yanke girman batir, matsakaici kuwa yana ɓoye su. Ƙarfin da aka rubuta a bayan faranti na zafin digiri 25 ne a jikinsa, kuma yakan ragu da kusan kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri sama da haka. Farantin da ya kai digiri 65 a ranar Afrilu ya yi asarar wajen kashi 16. Ƙara da ƙurar hunturu. Batirin dalma kada a zuƙe fiye da rabinsa, na litiyam yana jure kashi 80 ko fiye, kuma kuɗin sauya batir dole ya shiga tsadar shekarun aikin, in ba haka ba kwamfuta za ta zaɓi mafi arahar saye kullum.

Wajen zaɓe, jera sahun ka lissafa farashin kowane mataki. Mu ƙaddara zanen naira miliyan 40 yana barin gari cikin duhu awa 900 a shekara, na miliyan 48 awa 200, na miliyan 70 awa 40. Mataki na farko ya sayi awa 700 da miliyan 8, wato kowace awa wajen naira 11,400. Na biyu ya sayi awa 160 da miliyan 22, kowace awa naira 137,500, ninki 12. Wurin da farashi ya yi irin wannan tsalle shi ake kira gwiwar sahu, kuma nan ake fara dubawa. Kai wa masu kuɗin zane uku: na gwiwa, da ɗaya a kowane gefensa, da wannan lissafin a rubuce.

Kafin ka kai, sake gwada ukun da buƙatar wuta da ta ƙaru da kashi 20, domin da zarar wuta ta zauna, masu injin niƙa da masu firji za su shigo. Kuma ka duba a wane lokaci awowin duhun suke faɗowa. Idan akwai asibitin ƙauye mai firjin allurar rigakafi a layin, ware masa nasa lissafin, ka mayar da wutarsa sharaɗi da ba a taɓawa, sannan ka sake gudu.